Kada Ka Haska Wa Gwaggo Madubi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ka Kwali lafiya, ya tsare ka a hanya, ya sa direban da za ku samu gobe ba mai gudu ba ne irin Baba. Allah ya sa ka tarar da Gwaggo lafiya, ya haɗa jininku. A'a, bar maganar jini. Allah dai ya sa ku zauna lafiya.

Na san za ka ce ni yayarka ce, ba uwarka ba. To, ka tambayi Umma. Ranar sunanka ta ɗora ka a cinyata a gaban mata ta ce, "Safiya, ga ɗanki nan." Ni na goya ka har zanena ya koɗe, kuma abin da ka yi mini a baya Allah kaɗai ya san yawansa. Saboda haka ina da ikon yi maka nasiha. Na so in faɗa maka da baki, amma ka san ni, magana in ta zo maƙogwarona sai ta juya ta koma. Kai kuma tun ranar taron tsakar gida ba ka kalli inda nake ba. Zan sa takardar nan a jakarka, ƙarƙashin wandon makaranta. Ka karanta da kanka, ko da a hankali ne. Kada ka ba kowa ya karanta maka, balle Gwaggo.

Ka ji abin da Baba ya yanke. Zango ɗaya za ka yi a wurinta. In ta ce ka zauna lafiya, da hutu ka dawo Mararaba ka ci gaba da makarantarka. In ta kawo ƙararka ko sau ɗaya, a can za ka gama firamare. Ni kuwa ina so ka dawo. Shi ya sa zan faɗa maka inda na yi kuskure, don kada ka ɗauki kuskurena ka tafi da shi garin mutane.

Abin ya fara ne ranar da Umma ta ba ni wayarta ta ce in je shagon mai tura fina-finai na ƙarƙashin gada, a sa maka katun, ko ka zauna wuri ɗaya ta samu ta soya awararta. Na tarar da shagon cike da samari. Na tsaya a gefe har sai da mai shagon ya gan ni da kansa.

Ya ce, "Ƙanwata, katun ko anime?"

Ban san akwai bambanci ba. Sai na gyaɗa kai.

Ya ce, "Wanne daga ciki?"

Na sake gyaɗa kai. Samarin suka yi dariya.

Ya ce, "To, anime ke nan. Akwai wani na bamfaya mai zafi, amma fa ba na yara ba ne. In sa?"

Na gyaɗa kai. Wallahi Habibu, da cewa ya yi zai sa mini kada mai rai a cikin wayar, gyaɗawar zan yi, in dai zan bar shagon nan.

Yanzu na san bambancin, kuma ina so kai ma ka riƙe shi. A katun, kyanwa za ta faɗo daga bene ta baje kamar wainar fulawa, ta tashi ta karkaɗe jiki, gobe kowa ya manta. Ba wanda yake mutuwa, ba wanda yake girma. Anime kuwa labari ne mai tafiya, kamar littafi. Wanda ya mutu a farko, can gaba za ka ga ana kai wa kabarinsa ziyara. Mutanen Japan suna zana wa yaransu nasu, suna zana wa manyansu nasu, kuma duk da manyan idanu ake zana su. Umma ta leƙo sau ɗaya ta ga idanun ta ce, "Oho, 'yan tsana ne," ta koma kan kaskonta. Lambar nan kuma da take fitowa a kusurwar sama, wadda na ce maka lambar kashin fim ɗin ce, ashe shekarun wanda ya kamata ya kalla ne. Shi ya sa ba ta taɓa canzawa ba.

Nasihata a nan ita ce, in aka tambaye ka abin da ba ka gane ba, ka buɗe baki ka ce ba ka gane ba. Dariyar da za a yi maka ba za ta kai wadda aka yi mana daga baya ba.

Ka tuna yaron nan mai farin gashi, abokin jarumar, da aka ciza a wuya ya faɗi a filin makaranta? Ka ja mini hijabi ka ce, "Yaya, zai tashi ko?" Na ce, "Zai tashi mana, ai katun ne." Muka kalli kashi na gaba bai tashi ba. Na gaba ma bai tashi ba, har aka sa shi a akwati. Da ya zo ya tashi kuma, gara ma da bai tashi ba.

Daga ranar ka daina zuwa bayi kai kaɗai, ko da rana tsaka. A nan na yi kuskure mafi daɗi, don gaskiya ya yi mini daɗi. Maimakon in ce maka duk ƙirƙira ce, sai na cinye datar Umma ina binciken bamfaya. Na gano asalinsa tatsuniyar Turawa ce, ta mamacin da yake fitowa daga akwatin gawa ya sha jinin mutane. Yana zaune a tsohon gidan dutse a kan tsauni. Yana tsoron rana, yana tsoron tafarnuwa da gicciye, ba ya fitowa a madubi, yana rikiɗa ya zama jemage, kuma ba ya iya shiga gida sai an ce masa ya shigo. Na zaunar da kai a bayan tankin ruwa na jera maka su kamar malama. Ka buɗe baki kana kallona. A ajinmu ko sunana aka kira sai malam ya ce in ɗaga murya, amma ga wani yana jin maganata ko ƙiftawa ba ya yi. Sai na riƙa ƙarawa.

Har ka tambaye ni, "Yaya, in ni aka ciza na dawo na tsaya a ƙofa, za ki ce in shigo?" Na ɗaure fuska irin ta masu sani na ce, "Doka doka ce. Ko kai ne ba zan ce ba." Ka tashi ka tafi. Na ga yadda ka tashi, amma na bar shi a haka.

Sauran ka sani. Tafarnuwar yajin Umma ta fara ɓacewa. Umma ta ce, "Ɓerayen gidan nan har sun san daɗin miya." Ta sayo tarko. Alhali kayan suna aljihunka, da cikin matashinka, da cikin safarka. Malamarku ta aiko a tambaya ko tari kake fama da shi. 'Yan ajinku suka sa maka suna Tsire. Ni ina ji ina gani, na ci gaba da taya Umma ɗana tarko.

To, in ka ga ƙarami yana tsoron abin da babu shi, ka ce masa babu shi. Kada ka ba shi maganin abin, don in ka ba shi magani ka gaya masa akwai ciwon ke nan.

Yanzu sai maganar Anti Rifkatu, ta ɗakin da ke kallon namu. Matar nan tun muna ƙanana take ba mu cincin da Kirsimeti, Umma kuma ta aika mata nama da Sallah. Laifinta kawai aikin dare take yi, ta dawo da safe da baƙin tabarau da lema, ta rufe labule ta yi barci har la'asar. Ga ta da ladabi, kullum in ta zo ƙofarmu sai ta tsaya ta ce, "Maman Safiya, in shigo?" Ba ta ɗaga ƙafa sai an amsa.

Ka zo ka same ni ina wanke-wanke ka ce, "Yaya, wane aiki Anti take yi a asibiti?"

Na ce, "Jini take ɗiba."

Ban yi ƙarya ba. A ɗakin gwaji take aiki, ita ce mai sa allura ta ɗebi jinin marar lafiya a duba ko zazzaɓin sauro ne. Amma ban ƙarasa ba, don na ga idonka ya buɗe, kuma na ji daɗin buɗewar. Washegari aka aike ka karɓo ƙanƙara a wurinta, ta buɗe firiji, ka ga robobin zoɓon da take sayarwa jere, jajaye, sun yi raɓa. Ka dawo a guje ba ƙanƙara, ba takalmi ɗaya.

A lokacin na ɗan tsorata da kai. Na ce, "Habibu, ba ka ga sarƙar gicciye a wuyanta ba? Ai bamfaya ba ya iya taɓa shi." Ka ce, "A fim ɗin ai shugabansu ma yana sa shi, kuma yana yawo da rana." Gaskiyarka. Mutanen Japan aro suka yi daga Turawa. Suka cire wa bamfaya baƙar alkyabbarsa suka sa masa yunifom, suka ba shi gashi mai kyau da baƙin ciki, har ka ji tausayinsa. Kowane mai zane kuma yana canza dokokin yadda labarinsa yake so. Wani rana tana ƙona shi, wani hula kawai zai sa. Da ina da wayo da a nan na kama ka, na ce abin da kowa yake sauya masa doka yadda ya ga dama ai ka san zama aka yi aka ƙirƙiro shi. Amma ban ce ba. Cewa na yi, "To, sai dai madubi."

Ni na ba ka madubin hodar Umma, wannan kuma ba ka faɗa wa kowa ba. Ka laɓe a bayan tanki, Anti tana fitowa da bokiti ka yi tsalle ka haska mata. Ta tsaya, ta sunkuya, ta gyara gashinta a ciki ta ce, "Na gode, Oga Habibu. Ka riƙe shi da kyau, ɗaya gefen bai zauna ba." Ka dawo ka ce mini ba ka duba ba, don ka rufe ido.

Da a nan abin ya tsaya da yanzu dariya muke yi. Amma ka je ka gaya wa Ikilima ta ɗakin ƙarshe cewa Anti tana shan jini. Ikilima ta gaya wa mamanta. Maman Ikilima ba ta san bamfaya ba, ba ta san Japan ba. Abu ɗaya ta sani da ya yi kama da wannan, kuma shi ta faɗa a wurin famfo. Ta ce dama ta daɗe tana zargi, ashe mayya ce. Kafin Juma'a ba wanda yake sayen zoɓon Anti. In ta fito, iyaye su janye 'ya'yansu cikin ɗaki. Na gan ta da idona tana juye robobin a kwata, ɗaya bayan ɗaya.

Ka lura da wannan sosai. Bamfaya na cikin waya ne, in ka kashe wayar ya tafi. Amma kalmar da Maman Ikilima ta faɗa ba a kashe ta da maɓalli. Magana in ta fita daga bakin yaro tana iya shiga kunnen babba da wani suna daban. Kafin ka faɗi abu a kan mutum, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗa yana tsaye.

Ranar taron, da mai gidan haya ya tara kowa a tsakar gida bayan la'asar, Baba ya baro tashar Utako da wuri, ko lodi bai gama ba. Aka bi maganar baki-baki har ta dawo kanka. Baba ya ce, "Kai Habibu, wa ya koya maka wannan shirmen?" Ka juyo ka kalle ni. Ni kuma na kalli yatsun ƙafata. Maganar ta zo har maƙogwaro, na ji ta, amma mutane sun yi yawa. Ka ce, "Ba kowa." A wurin Baba ya ce za ka tafi Kwali, inda ba waya sai ta Gwaggo mai tocila.

Wannan shi ne kuskuren da ba ya ba ni dariya. Ina kiran kaina uwarka, amma kai ka rufa mini asiri. Kunya tana da kyau, Umma kullum tana yabona da ita a gaban baƙi. Amma kunyar da za ta sa wani ya ɗauki dukan da yake naka, wannan tsoro ne kawai ya sa hijabi.

Ga abin da ba ka sani ba. Shekaranjiya da ka tafi aski, na je ƙofar Anti. Na yi sallama na tsaya.

Ta ɗaga labule ta ce, "Ah, Safiya. Ke ma sai an ce ki shigo?"

Na shiga. Na faɗa mata komai, tun daga shagon ƙarƙashin gada har madubin hoda, ina kallon ledar ɗakinta. Sai ta ce, "Wanne kuka kalla? Mai yaron farin gashi?"

Na ɗago kai.

Ta ce, "Kai! Ni na gama wannan tun bara. Da me kike so mu hana ido barci a wurin aiki in babu marasa lafiya? Kuma ku ba ku kalla da kyau ba. A wannan, madubi ba ya aiki, duk suna fitowa a ciki. Yaron nan ya ɓata lokacinta a banza."

Na yi dariya ban shirya ba, har da majina. Ita ma ta yi. Daga baya ta daina ta ce, "Bamfaya wasa ne, Safiya. Amma wancan sunan da Maman Ikilima ta kira ni da shi, a garinmu an taɓa korar tsohuwa a kansa. Shi ne ya yi mini zafi."

Ita ta riƙe hannuna muka je wurin Baba, na maimaita a gabansa da gaban Umma. Umma ta ce, "Au, ashe yayar ɓeran da nake ɗana wa tarko ita take taya ni ɗanawa?" Ta hana ni taɓa wayarta har sai abin da hali ya yi. Baba kuwa ya ce ya riga ya gaya wa Gwaggo, ta gyara maka ɗaki, ba zai mayar da yayarsa ƙaramar yarinya ba. Amma da farko cewa ya yi sai ka gama firamare a can. A zaman nan ne ya mayar da shi zango ɗaya. Jiya kuma ni da Umma muka zauna a bakin famfo muka sha zoɓon Anti a gaban kowa, har Umma ta miƙa wa Maman Ikilima kofi ta ce, "Sha mana, ko tsoro kike?" Ta sha. Ta ce sukari ya yi yawa, amma ta shanye.

To, yanzu ga babban abin da ya sa na ɗauki biro. Kai ba ka san Gwaggo sosai ba, kana goye rabonka da ita. Ni na yi hutu a wurinta. Ka nutsu ka ji.

Haƙoran Gwaggo na sama sun zube, saura fiƙa biyu, ɗaya a kowane gefe. Tsufa ne. Bakinta kullum ja ne. Goro ne. Ba ta cin tafarnuwa, ko warinta ba ta so, saboda gyambon ciki. Babu madubi a gidan, tun da nata ya fashe ta ce ta riga ta san fuskarta. Tana barci da rana bayan azahar, kuma tana tashi cikin dare kafin kowa ta yi alwala ta yi nafila, za ka ji motsinta a tsakar gida. Akwai doguwar akwatin katako a ɗakinta da ba ta son a taɓa. Ƙananan tukwanen da take sarowa daga wurin magina ne a ciki, a cikin ciyawa don kada su fashe. Bishiyar mangwaron bayan gidan kuma cike take da jemagu. Mangwaro suke sha. Ba ruwansu da wuyanka.

Na san abin da kanka zai yi in ka ga waɗannan duka a wuri ɗaya. Ni ma da na jera su yanzu sai da na ajiye biro na ɗan yi salati. Amma Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goya shi kamar yadda na goya ka. Ka gaishe ta a durƙushe. In ta yi maka dariya, ka kalli goshinta. Kada ka haska mata komai. Kada ka tambaye ta shekarunta. Kada ka gaya wa 'yan makarantarku ko kalma ɗaya a kanta. In tsoro ya kama ka, ka yi addu'ar da aka koya mana a Islamiyya, in bai tafi ba ka je wurinta ka ce, "Gwaggo, tsoro nake ji." Za ta ba ka ƙuli-ƙuli ta yi maka tatsuniya, kuma a nata tatsuniyoyin wanda ya mutu ba ya dawowa da yunifom.

Na cire tafarnuwar da ka cusa a safarka da wadda ka ɗinke a bakin hula. Ɗinkin bai yi kyau ba, amma ka yi ƙoƙari.

Saura abu ɗaya, tambayar da ka yi mini a bayan tanki. Amsar da na ba ka ba daidai ba ce. Ranar da ka dawo da hutu, ko ka yi baƙi, ko ka rame, ko haƙoranka sun fito ta ina, kada ka tsaya a bakin ƙofa kana jira. Na ce ka shigo, tun yanzu, ga shi a rubuce.

Allah ya tsare mini kai a tafiya da zama, ya kare ka daga sharrin abin da yake akwai, ya cire maka tsoron abin da babu. Allah ya ba Gwaggo haƙuri da kai, ya ba ka haƙuri da haƙoranta. Allah ya dawo mini da kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Uwarka ta goyo,
Safiya